Bin Sawun Layin Dogo: Yadda Za Ka Zaga Tsoffin Masana'antun Legas da Ƙafa

Yawancinmu mazauna Legas ta tagar danfo muka san garin. Mutum zai shekara goma yana wucewa ta kan gadar Eko safe da yamma, yana hango wani ƙaton tsohon gini mai bututun hayaƙi a Ijora, amma bai taɓa tambayar ko na mene ne ba, domin hankalinsa yana kan cunkoso da kuɗin mota. Alhali kuwa tsakanin Iddo da Ebute Metta da Ijora, a wani yanki da mai lafiyar ƙafa zai iya zagawa daga hantsi zuwa azahar, akwai tushen kusan duk abin da ya mai da Ikko, wato Legas, garin masana'antu. Ga Bahaushe kuma wannan yawo yana da wata ma'ana ta daban, saboda layin dogon da ya taso daga nan har Kano ya kai, kuma gyaɗa da auduga da fatu da shanun kakanninmu ta waɗannan tituna suka bi. Shawarata ita ce ka riƙe layin dogo a matsayin jagoranka tun daga farko har ƙarshe. Duk inda ka ga tsohon ƙarfen dogo ya ratsa kwalta ya shige ƙarƙashin wata katanga, to, ka tabbata a bayan katangar nan an taɓa yin sito ko masana'anta.

Kafin ka fita

Ranar Asabar ko Lahadi da sassafe ta fi dacewa, domin manyan motoci sun ragu kuma rana ba ta yi zafi ba, sai dai wasu wuraren da ke buƙatar izini ba sa buɗewa ranar Lahadi, saboda haka idan kana son shiga cikin harabar reluwe gara ka zaɓi Asabar ko wata ranar aiki. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi kyau. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, Ijora da Otto da bakin Okobaba sukan zama taɓo da kwatami, kuma ba za ka ga komai ba sai inda za ka sa ƙafarka. Ka sa takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, ba silifa ba, saboda ƙusoshi da guntayen ƙarfe da baƙin mai. Ka riƙe ruwan sha, da canji ƙanana, da katin shaidarka, da katin Cowry na biyan kuɗin sufuri idan kana da niyyar hawa jirgin ƙasa ko bas ɗin BRT. Kada ka sa rai da acaɓa idan ka gaji, domin tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana okada a ƙananan hukumomin Lagos Mainland da Apapa da Ikeja da wasu, kuma ana kama mai tuƙi da wanda aka ɗauka.

Ku tafi ku biyu ko uku, amma kada ku wuce haka. Ayarin mutum goma masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto yana jawo idon agbero, wato 'yan kamashon tasha, da masu gadi tun daga nesa, mutum ɗaya kuma ba shi da mai tsaya masa idan magana ta taso. Maganar hoto tana buƙatar kulawa ta musamman: tashar jirgin ƙasa da tashar wuta da tashar jiragen ruwa duk kayan gwamnati ne, kuma jami'in tsaro yana da damar tsayar da kai. Ka fara gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka nemi izini kafin ka fito da waya. Ko da Yarabancinka bai wuce "e kaaro" (ina kwana) da "e jowo" (don Allah) da "e se" (na gode) ba, ka yi amfani da su, musamman ga dattawa, domin a nan ma gaisuwa ce ke buɗe baki.

Iddo, inda layin ya fara

Ka fara daga Iddo, a gindin gadar Carter ta ɓangaren da ba na tsibiri ba. A 1896 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin dogo daga wannan yanki, kuma a 1901 ya isa Ibadan. A shekarar 1901 ɗin ne aka buɗe gadar Carter ta farko, wadda aka sa wa sunan Gwamna Gilbert Carter, domin a haɗa tsibirin Legas da tashar. Gadar da kake gani yau ba ita ce ta farkon ba, an sake gina ta, amma a wuri guda take. Iddo kanta tsibiri ce a da. Cike ruwa da aka yi ta yi shekara da shekaru ne ya manne ta da sauran ƙasa, shi ya sa in ka lura za ka ga ƙasar wurin a kwance take, ruwa kuma ba ya da nisa ta kowane gefe. Daga 1902 akwai wani ƙaramin jirgi mai tururi da ke ɗaukar fasinja da kaya daga Iddo ya haye gadar ya shiga cikin tsibiri, daga baya aka bar shi da kwasar shara da bayan gida da dare, har aka daina amfani da shi a 1933.

Ka tsaya a gaban tashar ka dubi faɗin layin. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, kuma wannan shi ne ma'aunin tsohon layin gaba ɗaya har Kano, tafiyar mil 700 ko kusa da haka. Ka riƙe wannan a ranka domin nan gaba kaɗan za ka ga sabon layi mai faɗin milimita 1,435, kuma da ido kawai za ka iya bambanta su. Jirgi ya fara isa Kano a 1911, amma daga Baro da ke bakin kogin Kwara ya taso; a 1912 ne aka haɗa wannan layi da na Legas a Minna, kuma kafin a gama gadar Jebba a jirgin fito ake tsallakar da taragu. Turawa auduga suka yi wa lissafi, suna fatan Arewa za ta ciyar da masaƙun Lankasha a Ingila, sai manoman Kano da fatakenta suka ga gyaɗa ta fi riba suka juya gare ta. Dalar gyaɗar da muke gani a tsoffin hotuna ba ado ba ce, buhuna ne da ke jiran tarago, domin sau da yawa abin da aka noma ya fi ƙarfin abin da jirgi ke iya kwashewa. Da yawa daga buhunan da suka bar dala, ta wannan yanki da kake tsaye suka wuce kafin su ga teku.

Kewayen tashar har yau kasuwar hatsi ce da kayan abinci, kuma za ka ji Hausa a bakin 'yan dako da masu wake da busasshen kifi. Kada ka yi gaggawar wucewa. Ka sayi wani abu, ka zauna a benci, ka tambayi wanda ya fi kowa furfura yadda kaya ke sauka a da. Irin waɗannan dattawa ba za su ba ka shekara daidai ba, amma za su nuna maka da yatsa inda sito yake, da inda ake sauke shanu, da ƙofar da leburori ke bi, abin da babu allon da ya rubuta.

Ijora

Daga Iddo, kafin ka nufi arewa, ka ratse yamma zuwa Ijora Olopa, tafiyar da ba ta da nisa amma tana buƙatar lura saboda manyan motoci da mahaɗar gadoji. Ginin nan da ake hangowa daga gadar Eko shi ne tsohuwar tashar wutar lantarki ta Ijora. Legas ta fara samun lantarki tun 1896 daga wata ƙaramar tasha a Marina, amma da gari ya girma, reluwe da tashar jiragen ruwa suka buƙaci wuta mai yawa, sai aka gina ta Ijora aka buɗe ta a 1923. An ƙara mata wani sabon sashe a shekarun 1950, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe lokacin ziyararta ta 1956.

Abin da ya kamata ka tambayi kanka a nan shi ne dalilin da ya sa aka gina ta a bakin ruwa kuma kusa da layin dogo. Amsar ita ce kwal. Ana haƙo shi a Inugu, a kai shi Fatakwal a jirgin ƙasa, a loda shi a jirgin ruwa ya zagayo ta teku ya sauka a nan Ijora, inda tashar wuta da kawunan jiragen ƙasa duk suke ci daga gare shi. Ana ƙona kwal ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin, ruwan tafki kuma ya sanyaya shi. Saboda haka tashar ba za ta rayu nesa da ruwa ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, wuta ta fara zuwa daga nesa ta manyan wayoyi, sai darajar Ijora ta fara raguwa har injinanta suka yi shiru. Ba a shiga ginin haka kawai, kuma wani ɓangare na harabar har yanzu yana ɗauke da na'urorin rarraba wuta masu haɗari. Daga waje ma ya isa: ka dubi tsayin bangon, da dogayen tagogin da aka yi domin haske da iska su shiga zauren injina, da yadda tsohon sashe ya bambanta da sabo.

Idan ka ɗaga kai yamma za ka hango Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Iganmu, mai siffar hular soja, wanda aka gama a 1976 domin bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya, FESTAC, na 1977. A wannan yanki na Iganmu ne kamfanin Nigerian Breweries, da aka kafa a 1946, ya fitar da kwalbarsa ta farko a 1949. Ko da babu ruwanka da abin da ake yi a ciki, yana cikin manyan masana'antun farko na ƙasar nan, kuma shi ya ja wasu suka biyo shi Iganmu. Ba na ba da shawarar ka taka har can a wannan rana. Hanyar ba ta masu ƙafa ba ce, kuma abin da ke gabanka ya fi shi.

Ebute Metta da harabar reluwe

Ka koma ta Otto ka bi titin Murtala Muhammed zuwa Oyingbo. Ebute Metta a Yarabanci na nufin mashigin ruwa uku. A 1867, bayan rikicin da ya sa aka kori mishan daga Abeokuta, Gwamna John Glover ya ba Kiristocin Egba, wato Yarabawan Abeokuta, da suka yi gudun hijira fili a nan, aka yanka unguwar da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna kamar layin dara. Wannan Glover ɗin shi ne wanda a 1863 ya kafa ƙaramar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ake lissafawa a matsayin tushen sojan Nijeriya, saboda haka zaman Hausawa a Ikko ya girmi layin dogon kansa. Ka karanta sunayen tituna yayin da kake tafiya: akwai titin Abeokuta, da na Ibadan, da na Jebba, da na Kano, da Borno Way. Mutum zai iya taka ƙafa daga Ibadan zuwa Kano cikin minti kaɗan, abin da ya ɗauki masu shimfiɗa dogo fiye da shekara goma. A waɗannan tituna za ka ga sauran tsoffin gidaje masu bene ɗaya da tagogin katako da ado a saman ƙofa, irin ginin da magina da suka dawo daga Barazil da Saliyo suka yaɗa a Legas. Suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka wanda ka gani bana ba lalle ka same shi baɗi ba.

Harabar reluwe tana yammacin titin Murtala Muhammed, kuma a ganina nan ne zuciyar wannan yawo. Idan lokacinka kaɗan ne, ka bar komai ka zo nan. Da zarar ka shige ƙofa za ka ji kamar ka bar Legas: manyan itatuwa, tituna marasa hayaniya, da gidajen Turawa masu faffaɗar baranda. Gari ne sukutum da reluwe ta gina wa kanta, da ofisoshinta da wuraren gyaran injina da kwatas na ma'aikata da asibiti, wanda yanzu ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Ebute Metta. Nan ne mazaunin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. Ka lura da yadda aka raba gidaje: na manyan ma'aikata, waɗanda a da Turawa ne zalla, suna da fili da lambu da ɗakin boyi a baya, an kuma ɗaga su daga ƙasa domin iska da gudun danshi, na ƙananan ma'aikata kuwa jere suke ɗaki na bin ɗaki. Tsarin albashi da muƙami na zamanin mulkin mallaka a rubuce yake a jikin bulo, ba sai an fassara maka ba.

Ka tambayi hanyar Jaekel House, a kan Federal Road cikin harabar. An gina shi a 1898, yana cikin gine-gine mafi tsufa a wurin, kuma a da gidan babban manajan reluwe ne. Ƙungiyar Legacy 1995, mai kula da tsoffin gine-gine, ta gyara shi a 2010 ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi, aka sa masa sunan Francis Jaekel, wani Bature da ya daɗe yana aiki a reluwe kuma ya rubuta tarihinta. A ciki akwai tsoffin hotuna da kayan aikin jirgi. Ka ba hotunan lokaci, musamman na tashoshin Arewa da na lodin kaya, ka dubi fuskoki da tufafin leburori, domin su ne ba a cika rubuta sunayensu ba. Sannan ka fito baranda ka dubi ginin kansa: rufi mai tsawo, tagogi suna kallon juna domin iska ta ratsa, baranda ta kewaye ɗakuna ta hana rana taɓa bango. Gida ne da aka yi domin zafin Legas tun ba a san na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma mai shirin gini a yau zai ƙaru da shi. Ka nemi sanin ranakun buɗewa da kuɗin shiga tun kafin ka taso daga gida.

Idan aka ba ka izini da ɗan rakiya, ka nemi ganin rumfar da ake ajiye kawunan jirgi, inda tsoffin injinan tururi da taragu suke tsaye suna tsatsa. A jikin irin waɗannan injina akwai farantin ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera su da shekara, sai dai idan an riga an ɓanɓare shi. Haka kuma a gefen tsohon ƙarfen dogo akan sami sunan maƙera da shekara a rubuce. Ka sunkuya ka goge ƙura ka karanta, ka rubuta a littafinka. Kada ka hau kan tarago, domin ƙarfen da ya ci tsatsa yana burmawa, kuma ciyawar da ke tsakaninsu ba ta rasa maciji.

A wannan harabar ce kuma ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya ta yi ƙarfi. Michael Imoudu, shugaban ƙungiyar ma'aikatan reluwe, a nan ya yi aiki, kuma ya taɓa jan ma'aikata suka taka da ƙafa daga Ebute Metta har gidan Gwamna a Marina domin kai kukansu. Turawa sun tsare shi a 1943, suka sake shi a 1945, kuma a watan Yunin shekarar aka shiga yajin aikin gama-gari a kan tsadar rayuwa gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Yajin ya wuce kwana 40, jirage suka tsaya, tashar ruwa ta tsaya, waya ta tsaya, kuma labarinsa ta layin dogon ya bi ya isa Zariya da Kano. Idan ka haɗu da ɗan fansho na reluwe a ƙarƙashin itace, wanda da wuya ka rasa, ka ambaci sunan Imoudu ka ga yadda hira za ta buɗe.

Kafin ka bar yankin, ka ɗan ƙara gaba ta wajen Alagomeji ka ga tashar Mobolaji Johnson, inda sabon jirgin Legas zuwa Ibadan ke tashi tun 2021. A nan za ka ga faffaɗan layi kusa da tsohon siriri. Ko kusa kada ka bi ta kan dogo domin yanke hanya, ko da ka ga 'yan unguwa suna yi, saboda jirage suna wucewa a kai a kai yanzu. Ka nemi gadar masu ƙafa.

Okobaba

Daga Oyingbo ka nufi gabas zuwa bakin tafki, wajen Okobaba, inda masu yanka katako suka yi shekaru da dama suna aiki. Duk wanda ya taɓa bin gadar Third Mainland ya ga gumagumai jere a kan ruwa da hayaƙi yana tashi daga tudun garin katako. Ana sare itatuwan a dazukan da ke gabas, a ɗaure su kamar tabarma, a jawo su ta rafuka da tafki har nan, domin ruwa ya fi mota araha wajen ɗaukar nauyi, kuma gungumen da ke cikin ruwa ba ya saurin tsagewa. A bakin gaɓa a jawo shi, a ɗora a kan injin zarto, a fitar da falanki da azara. Gobara ta sha cin wurin, kuma gwamnatin jihar ta gina wa masu sana'ar sabon matsuguni a Agbowa-Ikosi, saboda haka kada ka yi mamaki idan ka tarar wurin ya sauya daga yadda ka san shi. Ka tambayi masu shago a Oyingbo halin da ake ciki kafin ka gangara, ka rufe hancinka da ƙyalle, kuma kada ka matsa kusa da injin da ke aiki. A nan ya kamata yawon rana ta farko ya tsaya. Masallatai ba su da wuyar samu a Oyingbo da cikin Ebute Metta idan azahar ta riske ka.

Apapa daga kan ruwa

Apapa ba wurin yawon ƙafa ba ne, kuma duk wanda ya ce maka haka bai taɓa tsayawa tsakanin tirela da tanka a kan hanyar Wharf ba. Hanyar da ta fi ita ce ka hau jirgin fito daga tashar CMS da ke Marina ka tsallaka, ka sa rigar kariya, ka kalli gaɓar daga kan ruwa. A shekarun 1920 aka gina matsayar manyan jiragen ruwa ta farko a Apapa, aka kuma ja reshen layin dogo daga Ebute Metta zuwa can, domin tarago ya tsaya dab da jirgin ruwa. A wannan zamanin ne kamfanin Lever Brothers ya kafa masana'antar sabulu a Apapa, yana amfani da manja. Dogayen rumbunan siminti da za ka hango na Flour Mills ne, kamfanin da George Coumantaros ya kafa a 1960, injin niƙansa ya fara aiki a 1962. An dasa shi a bakin ruwa ne saboda alkamar daga ƙetare take zuwa, ana zuƙe ta daga cikin jirgi kai tsaye zuwa rumbu. Fulawar burodin mai shayi da ta fanke da ta taliya, mai yawa daga cikinta ta nan ta fito. Tashar Tin Can da ke gaba an buɗe ta a 1977, bayan cunkoson jiragen siminti da ya toshe Legas a tsakiyar shekarun 1970.

Rana ta biyu: Ikeja da Agege

Tun 2024 jirgin ƙasa na cikin gari mai suna Red Line yana bin hanyar tsohon layin daga Oyingbo zuwa Agbado, yana tsayawa a Yaba da Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege da Iju. Ka zauna kusa da taga, domin daga cikin jirgi ake ganin bayan masana'antu, wato fuskar da suka juya wa layin dogo lokacin da kaya ta nan suke shiga. Ka sauka a Ikeja ka taka titin Oba Akran daga farko zuwa ƙarshe. Gwamnatin Jihar Yamma ce ta yanka wannan unguwar masana'antu gab da samun 'yancin kai, lokacin Ikeja tana ƙarƙashinta, kafin a ƙirƙiro Jihar Legas a 1967. A nan masaƙar Nigerian Textile Mills ta zauna, da kamfanin Guinness, da na tayar Dunlop wanda ya daina ƙera taya a 2008. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ko Bompai da Sharaɗa a Kano zai ji kamar a gida yake, domin ciwon iri ɗaya ne: rashin wuta, tsadar man injin, da kayan waje masu araha da na fasa-ƙwauri. Alamar tsohuwar masaƙa ita ce rufi mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto, wanda aka yi domin haske ya sauka daidai a kan injinan saƙa, tare da tankin ruwa a sama da babbar ƙofa mai ƙaramin ɗakin mai gadi inda ma'aikata ke buga kati. Da yawa sun koma sito ko coci ko wurin biki, amma rufin yana tona asalinsu.

Daga Ikeja tasha ɗaya ce zuwa Agege, kuma nan ba ka buƙatar tafinta. Goro ne ya kafa zangon Hausawa a Agege. Kafin zamanin jirgi, fatake Gwanja suke zuwa da jakuna, tafiyar watanni; daga baya 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa ya haura da shi Arewa. Da manoman Agege da Ifako, waɗanda suka fara da koko, suka shiga dasa goro, sai fatake suka tare kusa da tasha suna saye, suna jiƙawa, suna ɓarewa, suna naɗe shi da ganye a cikin huhu. Shanu kuma suka riƙa gangarowa a taragon da zai koma da goro, kuma har yau babbar mayankar Legas tana Oko-Oba a nan Agege. Ka fara da gaida masu unguwa, ka nemi a haɗa ka da dattijon da ya yi fataucin goro a jirgi, ka riƙe masa goron gaisuwa, ka tambaye shi kwana nawa huhu ke yi kafin ya isa Kano da yadda ake yayyafa masa ruwa a hanya kada ya bushe. Idan ya yarda ka naɗi muryarsa a waya, ka rubuta rana da wurin da kuka yi hirar. In da sauran ƙarfi a ƙafarka, tasha ta gaba ita ce Iju, inda ma'aikatar ruwan da Gwamna Lugga ya buɗe a 1915 take, ita ma sai da izini ake shiga. Jirgin Red Line ba ya tashi kowane lokaci, saboda haka ka tambayi lokacin na komawa Oyingbo tun a wurin yankan tikiti, kafin hirar zango ta ɗauke maka hankali.